Kwafi ya cika ɗari bisa ɗari amma na danna Eject filash ya ƙi fita, meye matsalar?

Editan_Kurna:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masana kwamfuta ku taimaka min da wani abu da ya ɗaure min kai, jiya har kunya na sha a wajen kwastoma. Ni sana'ata ɗaukar bidiyon biki da haɗa shi, to watan da ya wuce wani abokina ya saka min Linux Mint a tsohuwar laftof ɗina saboda Windows ya mata nauyi, ram ɗinta, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi, giga 8 ne, kuma gaskiya tunda aka saka ta dawo kamar sabuwa, ba ni da wani ƙorafi sai wannan maganar ta filash.

Abin da yake faruwa shi ne in na tura bidiyo babba, kamar na jiya giga 6 da ɗan wani abu, da farko sai ka ga layin kwafin yana gudu kamar an koro shi, can sai ya rage gudu ya koma tafiyar hawainiya, a ƙarshe dai ya cika ya ɓace, wato an gama kenan a nawa ganin. Na buɗe filash ɗin ga fayil nan, girmansa daidai, har kunna shi na yi na ja shi zuwa ƙarshe wajen kai amarya komai lafiya lau. To sai na danna 'yar kibiyar nan da take gefen sunan filash ɗin don in cire, shi kenan sai abu ya tsaya, wata sanarwa ta fito wai ana kan rubutu kar a cire, na jira minti ɗaya shiru, biyu shiru, ga ƙanin ango a tsaye a kaina mai adaidaita yana ta danna masa hon a waje, na ce kai wannan shirmen kwamfuta ne kawai tunda na gani da idona ya shiga, na zare na miƙa masa. Bayan isha'i sai ga waya, wai sun saka a talabijin ya ƙi buɗewa, sun gwada a wata kwamfutar nan ma ya ƙi, ga 'yan uwa mata sun taru a falo za a kalla. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shi ne nake tambaya, tunda ta nuna min ta gama to me kuma take rubutawa? Sannan in na danna dama a kan filash ina ganin Eject da kuma Safely Remove Drive, in kuma babban hadis (hard disk) ɗina na waje ne sai in ga Unmount, shin ba duk abu ɗaya ba ne? Don ni shekara da shekaru a Windows zare abuna kawai nake yi ban taɓa ganin haka ba. Kuma wani ƙaramin abu, in ya fita ɗin tagar da nake ciki sai ta wulla ni foldar Home, ni da so samu ne ta rufe kawai. Filash ɗin mai tsarin ajiya na exFAT ne giga 32, a kasuwa na saya ba mai tsada ba ne. Na gode.

Bala_Gadget:

Hhhh malam ai kai ka jawo wa kanka, wa ya aike ka Linux. Ni rabona da in danna wani Eject tun ina sakandare, da na ga layi ya cika zarewa nake kuma har yau ko fayil ɗaya ban taɓa rasawa ba. Duk tsoratarwa ce ta masu kwamfuta. Inaga filash ɗinka ne na jabu, ka koma ka canzo, sannan ka mayar da Windows ɗinka ka huta.

Abu_Khadija:

Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba ɗan uwa, wannan abin ya taɓa cin kusan duk wanda ya shigo Linux daga Windows, ni ma ya ci ni a farko da hotunan sunan 'yata.

Ba lallai filash ɗinka ne ya lalace ba, kuma kwamfutar ba shirme take ba, ita da ta ce maka kar ka cire gaskiya ta faɗa, layin kwafin ne ya ruɗe ka. Ka ɗauka ka kai buhunan masara tasha, ɗan kamasho ya ƙirga ya rubuta maka rasit ya ce shi kenan Alhaji je ka abinka, kai ka tafi gida a zuwan kaya sun kama hanya, alhali buhu biyar na ƙarshe suna nan jibge a ƙasa ana jiran 'yan dako su loda. To haka Linux yake yi. Shi Nemo, wato manhajar da kake buɗe foldoji da ita a Mint, ba shi ne yake rubutawa cikin filash da hannunsa ba, miƙa wa kanel yake yi, wato zuciyar Linux ɗin da take sarrafa na'urori, kanel kuma sai ya karɓa ya ajiye a ram ya ce na karɓa, sannan ya dinga tsiyayawa cikin filash daidai ƙarfin filash ɗin. Da Nemo ya miƙa ɓangaren ƙarshe sai ya rufe layinsa, shi a wajensa ya sauke nauyi.

Gudun da ka gani a farko ba gudun filash ba ne, gudun ram ne. A saitin da kanel yake zuwa da shi akwai lambobi biyu, vm.dirty_background_ratio da yake kan 10 da vm.dirty_ratio da yake kan 20, ma'ana yana barin abin da ba a kai ga rubutawa ba ya taru har kusan kashi 20 cikin ɗari na ram ɗin da yake sarari kafin ya taka wa mai kwafi burki sosai. Kai mai giga 8, in aka cire abin da sauran manhajoji suka riƙe, ka ga wajen giga ɗaya zai iya zama a ram lokacin da layin ya ɓace. Irin filash ɗin nan masu araha kuwa da yawansu mega 4 zuwa 6 suke rubutawa a sakan, yi lissafi da kanka, giga ɗaya a mega 5 ya haura minti uku. Kai kuma ka jira biyu ka zare. Saura ƙiris wallahi.

Kunna bidiyon da ka yi ka ga ya yi, shi ma daga ram ta karanto maka, ba daga filash ba, shi ya sa wannan gwajin ba ya nuna komai. In kana son gwaji na gaskiya sai ka cire shi yadda ya kamata ka sake sakawa sannan ka kunna. Dalilin da ya sa kuma ya ƙi buɗewa gaba ɗaya maimakon ya yi rabi ya tsaya, yawancin fayil na MP4 jadawalin da yake gaya wa fileya ina hoto yake ina murya take a ƙarshen fayil ɗin ake rubuta shi, to in wutsiyar ba ta shiga ba sauran giga biyar ɗin sun zama kamar sito cike da kaya an ɓatar da mukulli.

Ka gani da idonka, nan gaba in layin ya ɓace buɗe tamina, wato tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta

watch grep -e Dirty -e Writeback /proc/meminfo

za ka ga lamba tana sauka duk bayan sakan biyu, wannan shi ne bashin da ake bin kwamfutar. Ko kuma ka rubuta sync kawai ka danna enta, ba zai sake ka ba sai ya gama juye komai.

Maganar sunayen nan uku kuma ba ɗaya ba ne duk da sun yi kama. Unmount yana gama rubutun ya saki fatishin, wato yankin na'urar, guda ɗaya da ka danna, amma na'urar tana nan a jone da wutarta, sunanta bai ɓace ba, kana sake danna shi za ta dawo. In hadis ɗinka an raba shi gida biyu ka yi wa ɗaya Unmount ɗayan yana nan a buɗe, nan mutane suke yin kuskure. Eject asalinsa na faifan CD ne, a turo tire waje, a kan filash kuma yana sakin sa ya sa kwamfutar ta daina ganin abin da ke ciki sai ka zare ka mayar. Safely Remove Drive shi ne cikakke, ya saki duk fatishin ɗin, ya umarci na'urar ita ma ta juye abin da ta riƙe a nata cikin, sannan ya yanke mata wuta. Ga hadis mai juyawa shi nake ba ka shawara kullum, ɗora hannunka a kai za ka ji ya daina kaɗawa, sannan ka zare. A filash kuwa ko wanne ka danna tsakanin Eject da Safely Remove Drive ya wadatar, sharaɗin dai ka jira sanarwa ta biyu wadda take cewa yanzu za ka iya cirewa.

Malam Bala kuma, ba ƙarya ka yi ba, amma dalilin da ya sa kake tsira daban ne, bari masu Windows su zo su faɗa da bakinsu.

Maman_Ilham:

Sallama gare ku. Ku yi haƙuri zan ɗan shigo da tawa matsalar tunda duk tafiyar ɗaya ce, ni bisnes santa nake da shi a Zariya, buga takardu da fotokwafi da su bandin, kwamfutoci uku duk Windows 10, a rana filash ɗin ɗalibai sai ya kai talatin yana shiga yana fita musamman lokacin projet. Ni kam ina danna Eject ɗin don ina tsoron haƙƙin mutane, amma abin da yake ƙona min rai shi ne sau da yawa sai ta ce min "This device is currently in use" wai in rufe abin da yake amfani da shi, to wallahi na rufe Word na rufe PDF na rufe foldar kanta, allon fes babu komai, in sake dannawa ta sake faɗar haka, ga layi a bayan yaro kowa yana sauri, ƙarshe dai sai in ce bismillah in zare. Waye yake amfani da shi ɗin, aljani?

Sannan wasu filash ɗin ana sakawa sai ta tambaya wai a yi sikanin a gyara, ni dai tsallakewa nake yi don ban san me zai biyo baya ba. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na satin da ya wuce, wata ɗaliba ta kawo nata aka saka sai ta ce sai an yi fomatin, wato a share shi tas, kafin a iya amfani da shi, yarinyar da take taya ni aiki sabuwa ce ba ta sani ba ta danna, baiwar Allah nan ta zauna a benci tana kuka, babi huɗu na projet ɗinta a ciki. Allah ya taimake mu ta taɓa tura wa malaminta babi uku ta imel. Ta ce min daga wani shagon take, can ma zarewa aka yi ana cikin sebin. To ina son in san me zan gaya wa yaran shagona su daina yi.

Injiniya_TudunWada:

Hajiya barka da aiki, Allah ya ƙara kasuwa. Ba aljani ba ne, sai dai masu riƙe filash ɗin ba sa fitowa a allo shi ya sa.

Na farko da nake zargi a shago irin naki shi ne ɓangaren nan na dama a File Explorer da yake nuna miki abin da ke cikin takarda tun kafin ki buɗe ta. Masu buga takardu suna son sa don yana rage wahala, amma in ya leƙa fayil na Word ko PDF wani lokacin sai ya riƙe shi ko bayan kin bar wajen. Danna Alt da P tare zai kashe shi, ki gwada kwana biyu ki gani. Bayan shi akwai antibairos, wanda da an saka filash yake fara bincike a ɓoye, in filash ɗin cike yake da tarkace sai ya ɗau lokaci bai saki ba, wannan haƙuri kawai ake yi masa na ɗan lokaci a sake dannawa. Sai kuma Word ɗin kansa, kin rufe tagarsa amma in kika buɗe Task Manager sai ki tarar da shi a ƙasa bai mutu ba. Har takardar da aka tura firinta ba ta gama fita ba tana iya sa manhajar da ta tura ta ta ƙi sakin fayil.

In kina son ki kama ɓarawon da sunansa, Windows yana rubutawa. Buɗe Event Viewer, ki shiga Windows Logs sannan System, ki nemi gargaɗi mai lamba 225 daga Kernel-PnP, a ciki zai faɗi sunan manhajar da ta hana cirewar. Mutane da yawa ba su san da shi ba. In an yi an yi ya ƙi, kuma aikin mai muhimmanci ne, a kashe kwamfutar gaba ɗaya sannan a zare, wannan ba ya ɓata komai.

Yanzu maganar Bala. Windows yana da tsari biyu ga na'urar waje, Quick removal da Better performance. Na farkon ba ya tara rubutu a ram, abin da aka ba shi yana turawa kai tsaye, shi ya sa in layin kwafi ya cika to kusan ya cika ɗin da gaske. Na biyun yana tarawa irin yadda Abu Khadija ya yi bayani, ya fi sauri amma dole a yi Eject. Microsoft sun sanar cewa daga Windows 10 fitowar 1809, wadda ta fito a 2018, Quick removal ne tsarin da kowace na'urar waje take hawa kai in ba mutum ne ya canza ba. To ka ga Bala ba ƙarfin addu'a ba ne kaɗai, an gina abin ne saboda irinku. Mai son dubawa ya buɗe Device Manager, ya faɗaɗa Disk drives, ya danna filash ɗin sau biyu ya duba Policies.

Amma fa Hajiya wannan bai shafi wanda ya zare ana tsakiyar kwafi ba, ko wanda ya buɗe takarda daga cikin filash yana gyarawa. Kuma ɗalibai haka suke yi, a kan filash ɗin suke taifin kai tsaye, Word kuma yana ajiye wasu ƙananan fayiloli na wucin gadi a gefen takardar yana taɓa su lokaci-lokaci. Yawancin filash tsarin ajiyarsu FAT32 ne ko exFAT, su biyun ba su da littafin da suke rubuta abin da za su yi kafin su yi irin na NTFS, to in aka katse su daidai lokacin da suke gyara teburin da yake nuna ina kowane fayil yake, ba fayil ɗaya ne zai tafi ba, folda guda tana iya komawa wasu haruffa marasa ma'ana, ko Windows ya kasa gane filash ɗin ɗungurungum ya ce a yi fomatin.

Tambayar sikanin da gyara kuma, akwai wata 'yar alama da ake ɗagawa a cikin filash in an fara rubutu, a sauke ta in an rabu lafiya. In Windows ya tarar da ita a ɗage sai ya yi tambayar. Sau da yawa babu abin da ya lalace. Ni abin da nake yi, in fara kwashe abin da ake buƙata zuwa kwamfuta tukuna sannan in bar shi ya gyara, saboda gyaran nasa wani lokacin yanke guntayen da bai gane ba yake yi ya zuba su a wata ɓoyayyiyar folda FOUND.000 da sunaye irin FILE0000.CHK, mai abu ya duba ya ga babu. Kuma filash ɗin kwastoma ne, a tambaye shi kafin a taɓa.

Na fomatin kuwa ki rubuta a takarda ki manna a jikin kowace kwamfuta, in ta ce fomatin a danna Cancel a kira ki. Ko wancan na ɗalibar ma in fomatin mai sauri aka yi, kuma ba a zuba wani abu a kai ba tun ranar, akwai kyakkyawan zaton babi na huɗun yana nan kwance, manhajar PhotoRec kyauta ce kuma tana tono takardun Word, sai dai za ta dawo da su babu sunayensu na asali sai an bi ɗaya bayan ɗaya. Ki neme ta ki ce kar ta saka komai a ciki. Wani abu kuma da yaranki ya kamata su sani, abin da aka goge daga filash a Windows ba ya zuwa Recycle Bin, tafiya yake yi kai tsaye.

Ɗan_Maraɗi:

Salamu alaikum, ina gaida manya. Mu nan kile muke ce ma filash, sai da na karanta rabi kahin na gane zancen hhh. Ni mai hoto ne, katin kamara nike hama da shi kullum, to bari in ƙara abu guda da ya taɓa wahalshe ni. In laftof ɗinka na da ramin saka kati a jikinta, a Windows kar ka je ƙasa wajen agogo ka cire, don a wasu injuna abin karanta katin gaba ɗaya yake hita, ka saka wani kati shiru kamar ramin ya mutu, sai ka kashe ka kunna. Ni har wajen mai gyara na kai ta, ya yi ta dariya. Ka buɗe foldar kwamfuta ka danna dama bisa katin ka yi Eject nan, kati kaɗai za ya hita.

Yanzu Mac nike aiki da ita, ita kuma salon ta daban, ja kake yi ka kai kile ɗin cikin kwandon shara, ranar farko hannuna har rawa yake don na ɗauka gogewa za ta yi, ashe da ka fara ja kwandon ke komawa alamar hitarwa. Ko ka danna Command da E. In ka zare haka nan kuwa sai ta yi maka faɗa a kusurwar allo. Abin haushinta guda, tana zuba wasu ɓoyayyun fayiloli masu fara suna da ɗigo da ɗan layi, kai ba ka ganin su, amma ka sa ma mutum karatu ko waƙa ya kai rediyon mota sai ya ga kowane abu ya zama biyu, guda na yi guda ba ya yi, ya dawo ya ce ka sa mishi bairos.

Editan_Kurna:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Malam Abu Khadija Allah ya raya Khadija. Na karɓo filash ɗin da safe na sake turawa, wannan karon na buɗe taminar a gefe kamar yadda ka ce. Lokacin da layin ya ɓace lambar Dirty tana kan miliyan ɗaya da dubu ɗari da wani abu kB, na zauna ina kallonta tana sauka kamar mitar wuta, sai da ta ci minti huɗu cif kafin ta dawo 'yan ɗaruruwa, ina danna Eject kuwa ko sakan biyu bai yi ba ya ce in cire. Na mayar na kunna ya yi, na kai musu da kaina har gida na tsaya aka saka a talabijin a gabana. Wato jiya da na ƙara haƙurin minti biyu da duk wannan bai faru ba.

Wani abin mamaki kuma, na danna Ctrl da H don in ga ko akwai irin ɓoyayyun fayilolin da ɗan uwanmu na Maraɗi ya faɗa, sai na tarar a babban hadis ɗina akwai wata folda .Trash-1000 da giga 40 a ciki, duk tsofaffin bukukuwan da na ɗauka na goge tuntuni, ni kuma ina ta mamakin ina sarari yake tafiya. Saura maganar tagar nan da take komawa Home, da kuma ko akwai yadda za a yi layin kwafin ya daina yi min ƙarya, don ba kullum zan tuna da tamina ba in kwastoma yana tsaye.

Abu_Khadija:

Amin na gode. Ta tagar mai sauƙi ce, a Nemo shiga Edit sannan Preferences sannan Behavior, ka gangara wajen da ake maganar na'urorin waje, akwai akwatin da in ka yi masa alama zai dinga rufe taga ko shafin na'urar da kansa da zarar an cire ta. Kowane mai buɗe folda da halinsa a nan, wani ya mayar da kai Home wani ya rufe, ba alamar matsala ba ce. Kwandon sharar kuma haka yake, a Linux abin da ka goge daga na'urar waje a cikinta yake zama, lambar 1000 ɗin lambar mai amfani na farko ce a kwamfutar wato kai. Ka zubar da shara tun hadis ɗin yana jone, ko ka dinga danna Shift da Delete in ka tabbata ba ka so.

Shi layin kuma ana iya rage masa ƙaryar, a hana kanel tara abu da yawa. Ka ƙirƙiri fayil a cikin /etc/sysctl.d/ ka sa masa suna kamar 90-filash.conf, ka rubuta layi biyun nan a ciki

vm.dirty_background_bytes=16777216
vm.dirty_bytes=50331648

sai ka kashe ka kunna. Na farko mega 16 ne na biyu mega 48, wato maimakon giga guda abin da zai rage a ram ba zai wuce wannan ba, a filash irin naka sakan goma kenan. Amma in gaya maka tun yanzu kar ka dawo ka ce na lalata maka kwamfuta, kwafin ba zai ƙara sauri ba ko kaɗan, za ka ga layin yana rarrafe tun daga farko ne, giga 6 ɗin nan zai ci minti ashirin ɗinsa a gabanka. Kuma saitin ya shafi har hadis na cikin kwamfutar ba filash kaɗai ba, to tunda kana haɗa bidiyo ka lura ko fitar da aiki ya ƙara nauyi, in ya yi sai ka ɗaga lamba ta biyun ko ka goge fayil ɗin komai ya koma yadda yake. Maganin jiran na gaskiya filash mai USB 3 ne na kirki a saka shi a rami mai shuɗin ciki, ka ƙara kuɗinsa a cikin kuɗin aiki.

Maganar jabu da Bala ya kawo ma kar a yar da ita, akwai masu rubuta giga 32 alhali cikinsu 8 ne, suna karɓar kaya ba musu sai an zo buɗewa a ga wayam. Naka tunda giga 6 kawai ka zuba ba mu gwada shi ba tukuna. Akwai manhajojin gwaji, f3 a Linux, H2testw a Windows, suna cika shi taf su karanto su gaya maka gaskiyar cikinsa, ka bar shi ya kwana yana yi kafin ka ba wani kwastoman irin sa.

Bala_Gadget:

To naji, na duba nawa Quick removal ɗin ne kuwa. Amma Injiniya tsakani da Allah hadis ɗina na waje ko Eject ɗin ma babu in na danna dama a kansa, Local Disk kawai yake nunawa kamar na ciki, shi kuma yaya kenan?

Injiniya_TudunWada:

Haka yake, Windows yana ɗaukar yawancinsu a matsayin kafaffen hadis shi ya sa ba ya sa musu Eject a nan. Duba ƙasa wajen agogo, danna 'yar kibiyar da take ɓoye alamomi, za ka ga hoton filash ƙarami, a nan za ka same shi. Shi kam ko kana zare filash kar ka zare shi yana juyawa, giga dubu ne a ciki ba 32 ba.

Maman_Ilham:

Injiniya Alt da P ɗin ne wallahi, tun safe ba ta sake cewa komai ba. Ɗalibar ma na same ta a waya, ta ce ƙanwarta ta riga ta zuba fina-finai a ciki, amma za ta kawo gobe mu gwada ko Allah zai sa a dace.